Gaisuwar da Ba Mu Yi wa Ɗan Hajara Ba

Daga Gaya, zuwa ga ɗan Hajara.

Bayan sallama irin ta addini, ina fatan takardar nan ta same ka zaune lafiya a gaban mota, ba a saman buhunan shinkafa ba. Allah ya tsare hanya, ya tsare tayoyi, ya sauke ku Yamai da sauran rana. Na ja wa direban kunne kada ya miƙa maka ita sai kun wuce Doso, don na san halinka. In ka karanta ta a tashar Gaya saukowa za ka yi, ka zo ka durƙusa a gabana, mu biyun mu yi ta kallon ƙasa mu rasa abin cewa.

Ka san abin da ya sa nake rubutu alhali jiya ma tabarma ɗaya ce tsakaninmu. Kai ne ɗan fari. Tun da aka yaye ka yayata Hajara ta goya ka zuwa Tanda, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na ce me ke damunka ba. Haka muka taras ana yi, kuma ban ga aibun abin ba sai a hutun nan. Rubutun kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Gwaggonka Hajara ta gaya mini ka ce ba za ka ci gaba da makarantar likitoci ba. Ta ce ba ka ɗaga murya ba, kana ɓare gyaɗa ka faɗa mata. To yau ga shi ka hau motar Yamai, ni kuma ban sani ba, karatu ka koma ko akwatinka ka je kwasowa. Innarka ta ce in tambaye ka, na ce ita ta tambaye ka, ta ce ita ma ai ɗan farinta ne. Muka yi ta tura wa juna har hutu ya ƙare. Kaina a ɗaure yake, kuma ba zan yi maka wayon nuna na gane ba. Abin da zan iya shi ne in faɗa maka inda na ga na yi kuskure, kai kuma ka tsinci abin da zai yi maka amfani.

Zan fara da zaure. Tun shekarar da ka shiga makarantar na riƙa cewa a tasha ɗan Hajara likita ne. Ban ce yana koyo ba, don kalmar koyo ba ta cika baki. Na girma ina ganin likita Bature ne, mu kuma namu riƙe masa jaka. Da ƙasa ta samu ƴancinta aka ce ƴaƴanmu za su sa farar rigar nan, kuma ɗaya daga cikinsu daga gidana ya fito, sai kaina ya kumbura. Sakamakon ka gan shi da idonka. Ka sauka daga mota ko ruwa ba ka sha ba, zaure ya cika: mai ciwon ido, mai kumburin ƙafa, matar da ɗanta ba ya shan nono, har da tsohon da ya zo da akuyarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jera su, ina jin daɗi. Na ga ka duba idon Malam Jibo maƙwabcinmu, ka ce ya je asibiti. Na ji haushi a ranar, na ce a raina yaron nan rowar ilimi yake yi.

Ba rowa ba ce, yanzu na yarda. Don haka abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ko a gaban wa, ko da ubanka ne ya tara mutanen. Kunyar da za a ji tawa ce, ni na yi alkawarin da ba a aike ni ba.

Sai zancen tele. Ka san Alhaji Tanimu mai kamiyoyi, manyan motocin kayan nan, ya sayo talabijin bara, ya ɗaura dogon ƙarfe a kan gora a saman soronsa, ana jona ta da batirin mota. Hoton daga tsallaken iyaka yake zuwa, wajen Najeriya, in iska ta kaɗa gorar sai mutanen da ke ciki su narke su koma yayyafi, sai wani ya hau ya juya ta. Bayan magariba rabin unguwa a tsakar gidansa take. A nan muka haɗu da wasan da muke kira na Ɗan Koyo, wato siririn yaron nan mai koyon likita, wanda farar riga ta fi ƙarfinsa, da babban likitansa Mai Tumbi da ba ya buɗe baki sai da tsawa.

Ranar da na fara ganin wasan tashi na yi na fita. Na ce wannan cin mutunci ne. Muna roƙon Allah ya ba mu likitoci ƴan ƙasa, wasu kuma sun samu akwati suna mai da su abin dariya. Na yi rantsuwa a raina ba zan sake zuwa ba. Mako na zagayowa ina sahun gaba, don ba ni da wata taga da zan leƙa in ga inda kake zaune. Wasiƙunka duk iri ɗaya ne: lafiya lau, karatu lafiya, a gaida su Inna. Wannan akwatin kuwa yana nuna gado, da allura, da yaro mai farar riga. Sai na riƙa zuwa da niyyar ɗaukar darasi, fuskata a murtuke, ina lura. Ban san ranar da na fara dariya ba. Ɗan Koyo ya yi barci a tsaye ya jingina da ƙarfen ƙarin ruwa, ƙarfen ya gangara da shi har ƙofa. Ya ajiye kwanon abincinsa don Mai Tumbi ya kira shi, kafin ya dawo majinyaci ya suɗe kwanon. Ya ga jini ya faɗi sumamme, mai raunin ya sauko daga gado yana yi masa firfita. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, na koma gida ina tambayar kaina wa na yi wa dariyar.

Har yau ban warware wannan ba. In ƙarya suke yi, me ya sa ka dawo a rame, wuyan rigarka na lilo, kana barci da cokali a hannu? In kuma gaskiya suke faɗi, yaya aka yi ta zama abin dariya, kuma wa ya gaya wa masu wasan? Na sa innarka ta sa ƙanwarka ta tambaye ka ko haka abin yake. Amsar da ta dawo mini ita ce wai wani wurin sun ƙara gishiri, wani wurin kuma sun rage. Na kwana biyu ina juya maganar. Ƙarin gishirin na gane shi, aikin masu wasa ne. Ragin ne ban gane ba, kuma ban sake aikawa a tambaya ba.

Maimakon haka sai na yi abin da ya fi sauƙi. Da mutanen unguwa suka laƙaba maka Ɗan Koyo, ban hana ba, har ni na taya. Ka tuna ranar da muke cin tuwo da baƙi, na tura ciki gaba na kwaikwayi Mai Tumbi, na daka tsawa wai ina ƙashin kaza yake a jikin mutum. Kowa ya kwashe da dariya. Kai ma ka yi murmushi, irin wanda ake yi wa babba don kada a kunyata shi. A ganina hanya na samu ta yi maka magana ba tare da na keta kunya ba, tunda ba ni ke magana ba, Mai Tumbi ne. Ban yi tunanin wanda ya baro tsawa a Yamai ba ya bukatar a dafa masa ita a gida ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. In wasa ya yi maka zafi ka faɗa, ko ka tashi, kada ka biya mutane da murmushi. Kuma ka ci abinci kafin a kira ka, ba bayan an sallame ka ba. Wannan kam ko daga akwatin Alhaji Tanimu na koya, na tabbata daidai ne.

Akwai dalilin da ya sa na ɗauki wahalarka da sauƙi. Ni ma na yi koyo. Kafin a gina gada, lokacin da motoci ke jiran jirgin fito a bakin kogi, ni aparanti ne, wato yaron mota, a bayan wata tsohuwar kamiyo. Na kwana a ƙarƙashin mota, na sha mari a kan goron da ban sayo da wuri ba, na ci ragowar ubangidana in ya rage. Don haka da na ga Mai Tumbi yana zagin yaronsa sai na ce ai wannan tsohon zance ne, kowace sana'a da haka ake shigarta, wanda ya jure ya zama direba. A can ne kuma na samu guntun yatsan nan na hagu da ƙannenka ke tsoro suna yara. Jak ya zame ya danne shi. Na naɗe da tsumma na yi shiru don kada a ce rago ne a sauke ni a ɗauki wani. Na yi ta ɗaukar kaya da shi har ya fara wari, ubangidana ya ji warin kafin ya ji daga bakina. A Doso aka yanke shi. Likitan ya ce da na zo tun farko da wanki da ɗauri sun isa.

Kada ka yi irin wannan jarumtakar, ba ta da lada. Abin da ya danne ka ka nuna shi tun yana ɗanye. Amma ko wannan misalin nawa ban tabbata ya dace da kai ba, don ni in na yi kuskure ƙarfe ne ke karyewa, a kai wa maƙeri. Wannan bambancin bai faɗo mini ba sai bayan abin da ya faru a gidan Alhaji Tanimu.

Ni na matsa a kira ka ranar. Na ce wa ƙanwarka ta ce maka mutane na son su kalli wasan tare da mai abin. Ka zo, aka ba ka kujera kusa da akwatin, ni ina baya. A wasan ranar, Mai Tumbi ya tafi cin abinci ya bar Ɗan Koyo shi kaɗai da wani tsoho majinyaci. Yaron ya taɓa hannun tsohon, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya zaro ido, ya ruga ƙofa yana kira ba wanda ya amsa. Ya dawo ya danna ƙirjin, ya girgiza shi, ya sake rugawa ƙofa. Da ya gaji sai ya ja mayafi ya rufe tsohon har ka, ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Can sai mayafin ya motsa, tsohon ya yi wata irin atishawa, ya tashi zaune yana tambayar ina kununsa. Ɗan Koyo ya fita ta taga. Tsakar gidan nan ta kece, mata na riƙe ciki, Malam Jibo ya faɗo daga kan benci. Ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba.

Da na share hawayen dariya na duba, kujerarka ba kowa. Wani ya ce ka fita tun lokacin da yaron ke kira a bakin ƙofa. Na so in bi ka. Na ma ɗaga, sai na ga idon mutane, na tuna za a ce ga Garba yana bin ɗan fari a baya, na koma na zauna na kalli sauran wasan ban san me ake yi ba. Washegari da sassafe ka tafi Tanda.

Na yi ta lissafin banza. Na ce sunan da aka laƙaba maka ne ya ishe ka. Na ce ko cikinka ne ya murɗa. Innarka ta ce ko wata yarinya ce a Yamai. Malam Jibo ya ce masu ilimi ba sa son dariyar jama'a. Kowace na ɗauka sai ta ƙi zama.

Sai ranar kasuwa Hajara ta shigo Gaya, ta zauna a ɗakin innarka tana ba da labarin zamanka a can. Ta ce ba ka ci, ba ka fita, in an yi sallama da mara lafiya sai ka bi ta bayan gida. A ƙarshe ta ce akwai wata magana da ka yi wadda ba ta gane kanta ba, har ta fara tsoron ko iska ce ta taɓa ka. Wai da ta tambaye ka me ya koro ka daga Gaya, sai ka ce:

"Gwaggo, a can ba sa yin atishawa."

Ita ba ta taɓa ganin tele ba, ba ta san zancen mayafi ba. Ni kuma na ga mayafin, ban ji maganar ba sai ranar. Ina tsakar gida ina gyaran fitila na jiyo ta. Na ajiye fitilar na zauna a kan turmi.

Ban san komai ba bayan wannan, kuma ba zan ƙirƙira ba. Ban san namiji ne ko mace ba, tsoho ne ko yaro. Ban san ko kai kaɗai aka bari ba, ko ka kira an ƙi zuwa, ko an zo an makara. Ban san ko akwai abin da hannunka ya yi ko ya kasa yi ba, ko kuwa kwana ne ya ƙare kawai kana tsaye a wurin. Mai yiwuwa ma ba mutum ɗaya ba ne. Mai yiwuwa duk na yi kuskuren fahimta, ka karanta wannan ka ce tsohon nan ya rikice. In haka ne na gode wa Allah, ka yi mini dariya, ka rama.

Amma in na canka daidai, to ga abin da ke ci mini rai. Mu ƴan mota muna da wata al'ada. In fasinja ya cika a motarka a kan hanya, ko ba ka san sunansa ba, ko da ciwonsa ya hau, ba a barinka ka tada mota ranar. Ƴan tasha za su shimfiɗa tabarma a gindin motar, su zaunar da kai, direbobi da aparanti da masu lodi su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi maka gaisuwa kamar ɗan'uwanka ne ya rasu. Ba mai tambayarka gudun da kake yi. Wannan aikin jandarma ne, su za su yi nasu. Mu namu shi ne kada mutum ya kwana da gawa a ransa shi kaɗai. An yi mini sau ɗaya a hanyar Faraku, kuma da ba a yi ba ban jin da na sake riƙe sitiya.

Ban sani ba ko likitoci na da irin wannan. A wasan dai ban taɓa gani ba, kuma ina zaton nan ne inda ka ce sun rage. Abin da na sani shi ne ka taho gida da mamaci a ranka, mu kuma muka tare ka da ciwon ido da akuya, muka zaunar da kai a gaban akwati muka yi ta dariya. Ba wanda ya shimfiɗa maka tabarma. Ni da na san al'adar na fi kowa laifi, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Game da makaranta, ba zan yi maka ƙarya in ce duk ɗaya ne a wurina ba. Ina so ka tsaya. Ina so ƙwarai, kuma yanzu ba don bakin tasha ba. Ina ganin wanda mutuwar baƙo ta hana shi cin abinci shi ne wanda zan so ya tsaya a kaina ranar da tawa ta zo. Amma ni ba ni ke shiga ɗakin nan ba, kai ne. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka yanke shawara kai kaɗai a ɗaki. Ka nemi wani a cikin abokan karatunka ka gaya masa abin da ka gaya wa gwaggonka, a fili, ba a dunƙule ba. Zan yi mamaki in bai ce shi ma yana da nasa ba. In akwai wani cikin manyanku mai sauƙin kai, shi ma ka same shi, ka tambaye shi ko akwai abin da ya kamata ka yi wanda ba ka yi ba. In akwai, ka koya. In babu, ka ji daga bakin wanda ya sani, don ni in na ce maka babu, ka san ban san komai a kai ba.

In ka yi duk wannan ka ga har yanzu ƙafarka ba za ta iya shiga ba, ka ɗauko akwatinka ka dawo. Ka shigo Gaya da rana, ta ƙofar gida, kada ka zarce Tanda a ɓoye. Ni zan zaga tasha in gaya wa mutane da bakina, ba kai ba.

Saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ya kamata a ce a zaune muke, na zo na durƙusa kusa da kai kamar yadda ake yi, amma ka san ba zan iya ba, sai ka karɓa a haka.

Ya haƙuri? Ya muka ji da rashin da aka yi? Allah ya jiƙan wanda ya rasu a hannunka, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya ba danginsa dangana. Kai kuma da ka tsaya a kansa har ƙarshe, Allah ya ba ka ladan tsayuwar, ya sanyaya maka zuciya, ya mayar maka da barcinka. Innarka ta ce in gaya maka ita ma tana yi maka gaisuwa, tana nan kusa da ni.

Allah ya kiyaye sauran hanya, ya raba ku da sharrin ƙarfe da na dare, ya sauke ka lafiya a duk ƙofar da ka nufa.

Ni ne ƙanen gwaggonka,
Garba direba.